Gaisuwar Mai Jar Rediyo

Duk wanda ya taɓa sauraron shirin Faɗi Mu Ji na gidan rediyon Gwadabe ya san Baballe na Doha, ko da bai taɓa ganin fuskarsa ba. Talata da Asabar, ƙarfe goma na safe a gida, sha biyun rana a Qatar, da zarar mai gabatarwa Nasidi ya buɗe layi za ka ji wata murya mai kauri ta shigo da sallama, ƙugin injina na bin bayanta. Mutanen Ringim har musu suke yi a kansa, wasu su rantse jirgin sama yake tuƙawa. Ina! Bel yake gyarawa, doguwar robar nan mai yawo da akwatunan matafiya a ƙarƙashin filin jirgin Hamad. Shekara takwas yana wannan aiki, kuma lokacin cin abincinsa yake bai wa rediyo, daga baya ya cusa burodi a tsaye ya koma bakin aiki.

Ɗan adawa ne na gani-kashe-ni, Gwadabe kuwa gidan 'yan adawa ne, tashoshi uku a garuruwa uku, duk na wani attajiri da ba ya rabuwa da ɗan takararsu na gwamna. Baballe ba ya zagi, amma in ya kama maganar taki ko albashin malaman firamare sai ka tausaya wa wanda yake yi da shi. Akwai sojojin baka da ake sallama da ɗan abin shan ruwa bayan kowane shiri. Shi ko sisi bai taɓa karɓa ba, da katin wayarsa yake kira, kuma wallahi ba ya bari a manta da hakan. Sau nawa ya faɗa wa Dramani, abokin ɗakinsa a unguwar Mansura, ɗan zangon Kumasi mai tuƙin motar ma'aikata, har Dramani ya haddace yana ƙarasa masa.

Sai dai ba siyasa kaɗai ke kai shi rediyo ba. Al'adar shirin ita ce, in mai kira ya gama zubawa, Nasidi ya ba shi rabin minti na gaisuwa. Wasu su jero suna ashirin har da mai shayin unguwa. Gaisuwar Baballe guda ce, ba ta taɓa sauyawa ba: yana gaida mutanen gidan marigayi Malam Sayibu maɗinki a Ringim, musamman mai jar rediyo.

Mai jar rediyo ita ce Iya Shetu, wadda ta haife shi. Shi ne ɗanta na fari, ita kuma irin matan da ce masu kunyar ɗan fari ta gaske. Tunda ya zo duniya ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta taɓa cewa ɗana ba. Wancan ne, ko kuma yayan Hannatu. In ya kira wayar ƙanwarsa Hannatu ya ce a ba shi Iya, nan take za ta tuna da tukunya a kan wuta. Ya yi fushi, ya yi lallashi, ya ce zamani ya wuce wannan, duk a banza. Amma jar rediyon da ya kawo mata a hutunsa na farko, wannan ba ta rabo da ita. Talata da Asabar takan jawo tabarma ƙofar madafi da faifan tsinta, ta ce labarai za ta ji. Hannatu ta ce in aka zo gaisuwa hannunta kan tsaya cak a kan faifan, sannan ya ci gaba. Ranar da muryarsa ta fito a dishe, da yamma za ta ce wa Hannatu ta gaya wa yayanta ya riƙa shan citta da kanumfari.

Sai korona ta zo, aka rufe hanya, hutun da ya tara ya tafi a haka. Cutar ta kama shi a tsakiyar wannan shekara, ya yi mako biyu a killace da robar iska a hanci, yana jin ƙirjinsa kamar an ɗora masa buhun siminti. Shiri huɗu aka yi babu shi. Iya ba ta tambayi kowa komai ba, ta dai daina cin tuwon dare, har ranar da ya dawo layi da 'yar muryarsa ya gaida mai jar rediyo.

Saboda haka da Gwadabe ta kafa abin da ta kira Asusun Numfashi, don a saya wa wani asibitin yankin injin haɗa iskar marasa lafiya, Baballe ya ɗauki abin kamar na gidansu. Ya san daɗin iskar nan, ya sha ta. Ya ba da nasa, ya bi 'yan gida da ke Doha ɗaya bayan ɗaya a waya, likita da malamin jami'a da mai gadi, bai bar kowa ba. Dramani da bai san ko ina Ringim take ba, shi ma ya ba da nasa, ya ce numfashi ba shi da ƙasa. Nasidi ya roƙe shi ya naɗo musu muryarsa don talla, ya naɗa a bayan ɗakin injina, aka riƙa sakawa sau biyar a rana a duk tashoshin uku:

"Ni ne Baballe na Doha. Na ba da nawa, na kuma tsaya musu. In kuɗinku ya yi ciwon kai, ni za ku riƙe."

Bayan wata shida aka yi bikin miƙa inji. Aka turo hoto: wani farin abu mai ƙyalli an ɗaura masa ƙyalle kore, mai gidan rediyo da ɗan takara suna riƙe da almakashi ɗaya. Baballe ya ɗora hoton nan a fuskar wayarsa, shekara biyu cur yana nan.

Shekarar gasar cin kofin duniya ta Qatar, ana saura watanni kaɗan zaɓe, tsohon ma'ajin gidan rediyon ya ajiye aiki ya fito ya ce babu wani inji, kuɗin Asusun Numfashi motocin yaƙin neman zaɓe aka saya da su. Kai, ranar ka ga murna wajen 'yan jam'iyya mai mulki, kamar an yi musu haihuwa. Su da ba su taɓa damuwa da ko akwai panadol a asibitin ba, sai ga su sun zama masu kukan marasa lafiya. 'Yan adawa kuma suka ce bita da ƙulli ne, an sayi ma'ajin, so ake a rufe bakin talaka kafin zaɓe. Ba wanda ya ce bari in je asibitin in duba da idona.

A Doha filin dagar shi ne falon Injiniya Abdulbaqi a unguwar Mesaimeer. Injiniya babba ne a harkar gas, mutum mai hannu sake, kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci gidansa ake cin tuwon shinkafa da miyar kuka. Ɗan jam'iyya mai mulki ne, shi da Baballe sun shekara bakwai suna gardama a kan tabarma ɗaya ba a taɓa tashi baram-baram ba. Wannan karon abin ya yi zafi. Injiniya ya ce ɓarayi ne masu makirufo, Baballe ya ce waɗanda suka cinye kuɗin taki ba su da bakin kiran wani ɓarawo. Aka rabu gida biyu, cokula suka koma abin nuni. Baballe ya ɗaga wayarsa sama yana nuna hoton inji, ya ce ga shaida nan, wanda ya isa ya ƙaryata.

Wanda ya ƙaryata ɗin ba a falon yake ba. Dramani ne, washegari da safe, yana ɗaure da tutar Ghana a wuya, don tun da ƙasarsu ta hana Najeriya zuwa gasar bai bar Baballe ya sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Ya ɗauki wayar daga kan gado zai duba lokaci, sai ya tsaya yana buɗa hoton da yatsu biyu. Ya ce shi fa ba ya shiga siyasar 'yan Najeriya, amma kawunsa mai faci a Kumasi yana da irin wannan abu sak, sai dai nasa ja ne. Baballe ya fizge wayarsa ya ce masa ya tsaya a kan sitiyari. Amma maganar ta bi shi har cikin jirgin ƙasa, ta bi shi har wurin aiki. Kafin azahar ya kira Hannatu ya ce ta je asibitin ta ɗauko masa hoton injin ta baya, ba ta gaba ba.

Ta sami injin a wani ɗakin ajiya, an rufe da tamfol, ma'aikatan suka ce tun ranar biki ba wanda ya ce musu ga yadda ake kunna shi. Hoton ya iso Baballe yana tsugune gindin bel na bakwai. Ga tankin, ga agogon awon iska, ga ma tiyon da ake soka wa taya an naɗe shi an cusa a ƙasa, farin fenti ya ɗiga a kansa. Injin iskar masu faci ne. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne, irin wannan inji yakan kwance shi ya ɗaura sau biyu a wata a wurin aikinsa. Da wani ne ya kawo masa hoton, kallo ɗaya zai yi ya gane. Shekara biyu yana buɗe waya yana ganinsa, so ya hana shi dubawa. Ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba, ya tuna masu gadi da masu shara da ya bi har ɗakunansu.

Labari bai kwana ba, don Hannatu ba ta iya riƙe magana. Injiniya ne ya fara kiransa, murya a sanyaye kamar mai ta'aziyya. Ya ce yana da yara masu shafi a intanet, Baballe ya zauna gaban kyamara minti biyar kawai ya ce ya tuba ya bar tafiyar, shi kuma zai yi masa hanyar aikin ofis mai sanyi. Baballe ya ce ya gode, Injiniya, amma shi bai tuba daga komai ba, taki har yanzu bai isa gona ba.

Nasidi ya kira bayansa. Shekara takwas suna magana a iska, wannan ne karo na biyu da ya neme shi a keɓe. Ya ce Na Doha, kowa kai yake jira, ranar Asabar layin farko naka ne, ka fito ka ce ka bincika komai daidai yake, bayan zaɓe za a gyara. Baballe ya ce ya ga tiyo. Nasidi ya yi 'yar dariya ya ce shi dai ma'aikaci ne, amma akwai jerin lambobin da aka hana ɗauka, kuma ba zai so a ce mai jar rediyo ta riƙa zama a ƙofar madafi a banza ba.

Nan ne Baballe ya san inda aka riƙe shi. Shekara uku ke nan rabonsa da gida, korona ta ci biyu, gasa ta ci ɗaya don an dakatar da hutun kowa. Iya ta haura saba'in, ƙafa ta fara ba ta wahala. Rabin mintin nan shi ne kaɗai abin da ke tsakaninsu. Ya kwana biyu yana jujjuya abin, yana gyaran bel yana ɓata lissafin kusoshi. Ya ce a ransa ai zai iya yin shiru a kan inji, ya yi maganar taki ya yi gaisuwarsa ya sauka. Sai kuma tallan ya faɗo masa, don har ranar ba su daina sakawa ba: ni za ku riƙe. Iya ma tana jin wannan sau biyar a rana.

Ranar Asabar filin jirgi ya cika ya batse, 'yan kallo daga ko'ina, ganguna da tutoci da akwatuna masu nauyin tsiya. Shugaban aikinsu na ta yalla yalla, wato a yi sauri. Sha biyu na bugawa Baballe ya goge hannu ya shiga bayan ɗakin injina ya kira. Nasidi ya tarbe shi da kirari, ya ce ga wanda ya tsaya mana, Na Doha, faɗi mu ji. Baballe ya san yatsan mutumin yana kan maɓalli, ya san ba za a kai shi ƙarshe ba. Sai ya juya tsarin shirin, ya fara da abin da ake rufewa da shi.

"Yau da gaisuwa zan fara, Malam Nasidi. Ina gaida mutanen gidan marigayi Malam Sayibu maɗinki, musamman mai jar rediyo. A riƙa gasa ƙafar nan da ruwan ɗumi. In an ji shiru daga yau, lafiyata ƙalau, ina cin abinci, ba korona ba ce." Ya ja numfashi. "Jama'a, abin da ke asibitin nan injin masu faci ne aka yi wa fenti. Sana'ata ce, na sani. Ni na ce ku riƙe ni, to ga ni. Ban bar jam'iyyata ba, ba kuma zan bar ta ba. Amma kuɗin marasa lafiya, abin da nake cewa shi ne a..."

Kiɗa ya taso. Ya ci gaba da magana shi kaɗai har ya gane layin ya mutu.

Abin da ya biyo baya ba daɗi. 'Yan adawa suka ce an saye shi da riyal, wasu da ya sha shayi da su a Mansura suka daina amsa sallamarsa. Yaran Injiniya suka yanko muryarsa, suka cire inda ya ce bai bar jam'iyya ba, suka ɗora kiɗan ɗan takararsu suka watsa. Juma'ar da ta biyo ya je Mesaimeer, ya ƙi zama, ya tsaya daga bakin ƙofar falo ya ce wa Injiniya a gaban kowa wancan gidan sun yanke masa ƙarshen magana, su kuma sun yanke masa tsakiya, bai ga wanda ya fi wani ba. Injiniya ya ce shi ke nan, a zauna a ci tuwo. Ya ce ya ƙoshi, ya sa takalmansa ya fita. Da ya ce wa Dramani zai biya shi abin da ya bayar, Dramani ya ce in ya sake tayar da wannan magana zai rataya masa tutar Ghana a gado.

Lambarsa kuwa ta shiga jerin. Ya gwada da wayar Dramani, suna jin sallamarsa suka kashe. Duk da haka bai daina saurare ba, Talata da Asabar yana nan bayan ɗakin injina da abin ji a kunne, yana cin burodinsa a zaune a karon farko. Ya tambayi Hannatu me Iya ta ce. Ta ce ba ta ce komai ba, tana dai jawo tabarmar, ta ji shirin har ƙarshe, ta naɗe. Wannan ya fi komai ci masa rai. Bai yi nadamar abin da ya faɗa ba ko na minti ɗaya, amma ya kasa sanin ko tsohuwar tana ganin ya zubar da ita ne saboda taurin kai.

Talatar da ta biyo bayan wasan ƙarshe, duniya duk tana komawa gida, bel na ta kuka da kaya. Yana zaune a kan wata jarka yana jin Nasidi na karɓar masu yabon ɗan takara, sai aka ce ga wata baiwar Allah daga Ringim za ta sa albarka. Mai tace kira ya ji muryar tsohuwa ya ɗauka addu'a ta kawo. Aka ji ƙarar waya na sauya hannu, aka ji wata na raɗa cewa yi magana, suna ji. Burodin ya faɗi daga hannun Baballe.

"Ni ban iya abin nan ba, 'yata ke riƙe min," in ji muryar. "Ni ce mai jar rediyo. Wanda kuka katse rannan, ni na haife shi. Ɗana ne. Ya ɗauko magana ba ku bari ya ajiye ba, shi ne na zo in ajiye masa. Cewa zai yi a mayar wa mutane kuɗinsu, ko a kawo injin gaskiya. Ku kuma daina sa muryarsa kuna talla, ba ku kuka ba shi ita ba."

Nasidi ya fara to Iya mun gode, mun gode. Ta ce ya dakata, ta shekara takwas tana jin shirin nan, ta san kowa yana da gaisuwarsa, kada ya taɓa abin nan. Kuma bai taɓa ba. Ko kunya ce ta kama shi, ko yatsan ne ya ƙi, Allah kaɗai ya sani.

"Ina gaida mutanen Doha," ta ce, "musamman mai gyaran bel. Ƙafa da sauƙi."

Baballe mai shekara arba'in da ɗaya bai taɓa jin kalmar ɗana daga bakinta ba, sai yau, a gaban garuruwa uku. Ya kifa kai a gwiwa ya yi kuka sosai, injina na rufe masa asiri, har shugaban aiki ya leƙo ya ga halin da yake ciki ya koma bai ce yalla ba.

Da yamma saƙon Hannatu ya shigo. Ta ce Iya ta cire batiran jar rediyo ta sa ta a ƙasan akwati. Iyar ta kuma ce a gaya wa wancan, Talata da Asabar ƙarfe goma, in yana da magana da ƙanwarsa ya kira, a ajiye wayar a ƙofar madafi a ƙara mata murya. Ba wai saurara za ta yi ba, tsintar shinkafa take a wurin.

Ranar Asabar sha biyu na bugawa ya goge hannu ya shiga bayan ɗakin injina. Ya yi wa Hannatu bayanin taki na minti ashirin, da ƙarfi, sannan ya yi gaisuwa.